Tambayoyi da Amsoshi a kan Ayislan, Ƙasar Aman Wuta da Ruwan Zafi

Tun da na dawo Kaduna daga Ayislan ake ta jero mini tambayoyi, a gida da wajen aiki da majalisarmu ta bayan isha'i. Samari sun ga bidiyon narkakken dutse yana malala a waya, suna so su ji ko da gaske ne. Iyayenmu mata kuwa salla da abinci da sutura ne damuwarsu. Na tattara waɗanda aka fi maimaitawa na amsa su a nan. Wani taro a kan makamashi ne ya kai ni a watan Satumba, kuma kudu maso yammacin ƙasar na zaga.

Wai ina ne ma Ayislan, kuma ta ina ake bi?

Tsibiri ne a can ƙuryar arewacin Tekun Atlantika, tsakanin Girinlan da Norwe. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 103,000, wato ya ninka Jihar Kaduna sau biyu da ɗoriya, amma mutanen ƙasar gaba ɗaya ba su cika 400,000 ba. Kusan biyu bisa uku nasu suna zaune a babban birnin, Reykjavik, da kewayensa. Sauran sun watsu a gaɓar teku. Tsakiyar ƙasar ba kowa, sai duwatsu da baƙin yashi da ƙanƙarar da ba ta narkewa.

Babu jirgin da ke tashi kai tsaye daga Najeriya. Sai ka bi ta Abuja ko Legas zuwa wani birnin Turai, daga nan ka sake hawa wani na awa uku ko ɗan fiye. Ƙasar ba ta cikin Tarayyar Turai, amma tana cikin yankin Shengen, don haka bizar Shengen ake nema.

Yaya, me ka fara gani da ka sauka?

Baƙin dutse, iya ganin ido. Daga filin jirgin Keflavik zuwa Reykjavik kilomita 50 ne ko kusa da haka, kuma a mafi yawan tafiyar babu bishiya, babu gona, babu mai talla a bakin titi. Dutsen da ya taɓa narkewa ne ya daskare a yadda yake gudu, ya yi ƙulle-ƙulle da ramuka da tsaga, gansakuka mai ruwan toka ta lulluɓe shi. Can nesa ta dama sai ka hango farin tururi yana tashi sama a miƙe, iska tana kwantar da kansa. Ba gobara ba ce, tashar lantarki ce.

Direban motar ya tsaya mana a wani fili. Na sunkuya na taɓa dutsen: ga kaifi, ga rashin nauyi, duk jikinsa ƙananan huji ne inda iska ta fita lokacin da yake tafasa. Gansakukar kuwa tana da taushi da kauri, hannu yana nutsewa a ciki, amma aka ja mana kunne kada mu taka. Shekaru masu yawa take ɗauka kafin ta tofo, kuma in taya ta murje ta, sawun yana nan har jikoki su gani. Shi ya sa sauka daga kan titi da mota laifi ne da ake cin tara mai tsanani a kansa.

Abu na biyu shi ne wari. Da na buɗe famfon zafi a masauki, warin baragurbi ne ya fara tarbata. Farar wuta ce a cikin ruwan. Bayan kwanaki hanci yana sabawa. Famfon sanyi kuma babu wari ko kaɗan, ruwan marmaro ne garai-garai, kuma shi kowa yake sha, ba mai sayen na roba sai baƙo.

Me ya sa ƙasarsu ke aman wuta, tamu ba ta yi?

Bayan ƙasar da muke takawa ba dunƙule yake ba, manyan faifai ne da ke motsi a hankali a kan dutse mai tsananin zafi. Ayislan tana zaune daidai kan haɗin biyu daga cikinsu, na Arewacin Amurka da na Turai da Asiya, kuma kullum rabuwa suke yi, kusan santimita 2 a shekara. Duk inda suka buɗe, narkakken dutse yana samun hanyar tasowa. Ƙari a kan haka, akwai wani tushen zafi mai ƙarfi a ƙarƙashin tsibirin wanda shi ne ma ya ɗago shi daga cikin teku. Mu kuwa Allah Ya ajiye mu a tsakiyar faifan Afirka, nesa da bakinsa.

Ana ganin rabuwar nan da ido a Thingvellir, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga birnin. Ƙasa ta tsage, bangon dutse ya miƙe tsaye a gefe guda, kana tafiya a cikin tsagar. A nan ne kakanninsu suka kafa majalisar dokokinsu, Althingi, a shekarar 930, a fili, a gindin wannan bangon. Suna da wuraren aman wuta masu rai kusan 30, kuma a lissafi ɗaya yana tashi duk bayan 'yan shekaru.

Ka ga aman wutar da idonka?

Lokacin da na je ya lafa. Abin da na gani shi ne sabon dutsen da ya malalo a Fagradalsfjall, wurin da ya tashi a watan Maris na 2021 bayan yankin Reykjanes ya yi shekara kusan 800 shiru. Ya cika kwari guda, baƙi ƙirin, har yanzu suraci yana fita daga tsagoginsa in aka yi yayyafi. Akwai alluna da ke hana hawa kansa, don samansa ya daskare amma ƙasansa yana iya zama wuta ko rami.

"Kai ɗan nan, mutum da hankalinsa ya gina gida a kan wuta?"

Wannan ta Goggona ce, kuma ita ce tambayar da na fi daɗewa ina juyawa.

Goggo, ba don ba su san wutar ba ne. Sun san ta fiye da kowa, don ta sha cin su. A 1783 wata tsaga mai suna Laki ta buɗe, ta yi wata takwas tana zubar da wuta da hayaƙi mai guba. Ciyawa ta gurɓace, tumaki da shanu da dawaki suka yi ta mutuwa, yunwa ta biyo baya ta kashe kusan ɗaya bisa biyar na mutanen ƙasar. Yaransu suna koyon wannan a makaranta.

A daren 23 ga Janairun 1973 ƙasa ta tsage a bayan gari a tsibirin Heimaey, mutane suna barci. Allah Ya sa hadari ya hana jiragen kamun kifi fita a ranar da ta gabata, duk suna tasha, sai aka kwashe mutane fiye da 5,000 kafin gari ya waye sosai. Gidaje kusan 400 suka salwanta. Da narkakken dutsen ya nufi tashar jiragen, wadda ita ce abincin garin, sai suka kawo manyan injinan famfo suka yi watanni suna watsa masa ruwan teku har ya daskare ya tsaya. Tashar ta tsira, mafi yawan mutanen suka koma gidajensu.

Na baya-bayan nan shi ne Grindavik, garin masunta mai mutum kusan 4,000. Masana sun ga ƙasa tana kumbura, na'urori suna ƙirga dubban ƙananan girgizar ƙasa, sai a ranar 10 ga Nuwamban 2023 aka ce kowa ya fita. Kowa kuma ya fita. Wutar ta tashi a 18 ga Disamba, ta sake tashi a Janairun 2024 ta ƙone gidaje uku, wani ma'aikaci kuma ya faɗa cikin tsagar ƙasa ya rasa ransa. Gwamnati ta yi tayin sayen gidajen mutanen garin don su samu su zauna a wani wuri. Na ga ganuwar ƙasa da dutse da aka tula da manyan motoci a kewayen garin da tashar lantarki ta Svartsengi don karkatar da malalar, doguwa ce ƙwarai, kuma ta yi aiki.

Abin da na fahimta ke nan, Goggo: suna auna ƙasarsu dare da rana, hukumar yanayi tana faɗin abin da ta gani ba ɓoye-ɓoye, mutane kuma suna yarda da ita. A garin Vik, da ke ƙarƙashin dutsen Katla wanda ya yi babban tashinsa na ƙarshe a 1918, kowane gida ya san inda zai gudu, har gwaji suke yi. Na daɗe ina tuna unguwanninmu na bakin Kogin Kaduna da yadda ake fama duk damina kafin a yarda a tashi in an yi gargaɗin ambaliya. Ba laifin mutane kaɗai ba ne. Wanda aka ce ya tashi yana so ya san inda zai kwana da abin da zai dawo ya tarar.

Shi ne dutsen da ya taɓa tsayar da jirage?

A'a, wannan wani dutse ne daban, Eyjafjallajökull, a Afrilun 2010. Wutar ta tashi a ƙarƙashin ƙanƙara, haɗuwar su biyun ta farfasa dutsen ya zama toka mai laushi, iska ta kwashe ta zuwa Turai. Tokar tana narkewa a cikin injin jirgi ta kashe shi. Aka rufe sararin samaniyar yawancin Turai kusan kwana shida, aka soke tashin jirage kusan 100,000.

To shi ruwan zafin daga ina yake fitowa?

Ruwan sama ne da narkakkiyar ƙanƙara. Yana tsiyaya ta tsagogin dutse zuwa ƙasa, ya tarar da dutse mai zafi, ya ɗumama, ya dawo sama. Wani wurin sai ya fito a hankali ya zama ƙorama mai ɗumi, wani wurin ya zama taɓo mai tafasa yana ɓal-ɓal, wani wurin kuma ya fashe sama.

Na ƙarshen nan na gani a kwarin Haukadalur. Akwai tsohon Geysir, wanda yanzu da wuya ya motsa, ga kuma ƙaninsa Strokkur da ba ya gajiya. Rami ne cike da ruwa, an kewaye shi da igiya, mutane sun tsaya shiru da wayoyi a hannu. Ruwan sai ya ɗan taso, ya koma, ya sake tasowa, ya shige ciki har ka ga bakin ramin. Can sai ya kumbura ya yi wani shuɗin ƙullutu mai sheƙi, na ƙiftawar ido, sannan ya fashe da ƙara ya miƙe sama mita 15 zuwa 20. Tururi ya rufe waɗanda suka tsaya ta inda iska ke kaɗawa. Ruwan ya gangaro ya koma raminsa, bayan minti biyar zuwa goma a sake. Wani dattijo ɗan Malesiya da ke kusa da ni tasbihi kawai yake yi, ni ma shi na kama.

Dalilin fashewar shi ne nauyin ruwan sama yana danne na ƙasa, sai na ƙasan ya wuce digiri 100 bai tafasa ba. Da zarar nauyin ya ɗan ragu, gaba ɗaya sai ya rikiɗe ya zama tururi ya tunkuɗo abin da ke bisansa.

Ana iya shiga kowane ruwan zafi?

A'a, kuma wannan ba abin wasa ba ne. Da yawansu suna tsakanin digiri 80 da 100, ido kuma ba ya bambanta mai ɗumi da mai tafasa. Ƙasar da ke kewaye da su ma tana iya zama ɓawo, ka taka ƙafa ta burma cikin tafasasshen taɓo. Deildartunguhver, maɓuɓɓugar da ta fi kowace ƙarfi a Turai, tana fitar da lita 180 a daƙiƙa ɗaya, gab da tafasa, kuma daga nan ake jan ruwa a bututu zuwa garuruwan Borgarnes da Akranes. Inda aka sa igiya ko katako, nan za ka tsaya. Yaro kuma a riƙe hannunsa.

Wurin da ake shiga a daji shi ne irin Reykjadalur, bayan garin Hveragerdi. Sai ka yi hawan kusan kilomita 3, sannan ka iske ƙorama inda ruwan zafi da na sanyi suka gauraya. In ka matsa sama ya ƙara zafi, in ka gangara ya huce, kowa ya zaɓi daidai jikinsa.

Shuɗin tafkin nan da ake ɗaukar hoto, halitta ne?

Blue Lagoon ba halitta ba ne. Ruwan da tashar Svartsengi ta gama aiki da shi ne, wanda ya fara taruwa a cikin dutse tun 1976. Ana haƙo shi daga zurfin kusan kilomita 2, ruwan teku ne gauraye da na daɗi, kuma farin sinadarin silika ne ke ba shi launin shuɗi mai madara-madara. Ɗuminsa digiri 37 zuwa 40. Sai ka sayi tikiti tun kafin ka je, yana da tsada, kuma ana rufe shi duk lokacin da dutsen kusa ya motsa. Silikar tana busar da gashi ta sa shi tauri, farar wuta kuma tana baƙanta azurfa, don haka a cire zobe. A ganina wanda ya tsaya a nan kaɗai bai ga ƙasar ba, ya ga 'yan'uwansa baƙi ne.

Yaya, mace Musulma fa? An ce tsirara ake yi.

Gara a san gaskiyar tun daga gida. A cikin ruwan ba a tsirara, kowa da kayan ninƙaya, amma maza da mata a haɗe suke. Kafin a shiga kuma doka ce kowa ya yi wanka da sabulu ba kaya a jikinsa, a ɗakin maza daban, na mata daban. Akwai ma'aikacin da ke lura, akwai hoto a bango da ke nuna wuraren da za a cuɗa. Dalilinsu shi ne ba sa zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta da yawa a ruwan, don haka tsabtar kowa amanar kowa ce. Ba sa kallon juna, ba a shiga da waya, amma duk da haka al'aura al'aura ce a wurinmu.

Mafita tana nan. Manyan wurare da wasu na unguwanni suna da ɗakin wanka mai ƙofa ko labule. Ka tambaya a wurin sayen tikiti kafin ka biya, ba wanda zai yi maka kallon banza. Namiji ya tafi da wandon ninƙaya mai kaiwa gwiwa da rigarsa. Mace ta tafi da kayan ninƙaya masu rufe jiki, ta tambaya tukuna ko wurin yana karɓa. Wadda ba ta son cuɗanya da maza ko kaɗan, yawancin gidajen haya na ƙauye suna da ƙaramin kwamin ruwan zafi a bayan gida, ita da mijinta ko 'yan'uwanta mata kaɗai. Wanda kuma zuciyarsa ba ta kwanta ba ya bari, bai yi asarar tafiya ba.

Amma zan faɗi abin da na gani a wurin ninƙaya na wata unguwa, da sassafe, don shi ya fi tsaya mini a rai. Kuɗin shiga kaɗan ne in aka kwatanta da na baƙi. Sama a buɗe, iska mai sanyi tana kaɗawa, tururi yana tashi daga ƙananan kwamai da aka rubuta zafin kowanne a jikinsa, 38, 40, 42. Tsofaffi sun jeru ruwa iya wuya suna muhawara, ɗaya yana ɗaga yatsa, sauran suna girgiza kai. Abokin aikin da ya kai ni ya ce siyasa ce da farashin gida. Majalisarsu ke nan, kamar tamu ta bakin mai shayi, sai dai a nan ba babbar riga ba hula, ba ka gane ɗan majalisa da direban bas. Kusan kowane gari, komai ƙanƙantarsa, yana da irin wannan wuri, kuma koyon ninƙaya wajibi ne a makarantunsu.

Malam, alwala da ruwa mai warin farar wuta ta yi? Salla fa, in rana ba ta faɗuwa?

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani cewa ruwan da ya canja saboda mazauninsa, kamar gishiri ko taɓo ko farar wuta, yana nan mai tsarki mai tsarkakewa. Ga kuma famfon sanyi ga mai so.

Lokaci ne ya fi wuya. A tsakiyar Yuni rana tana kai awa 21 a Reykjavik, sauran ma ba duhu ba ne. A ƙarshen Disamba kuma hasken wajen awa huɗu ne kawai, azahar da la'asar da magariba suna bin juna a gurguje. Musulmin can wasu suna bin lokacin garin, wasu suna bin fatawar ƙiyasi da Makka ko ƙasa mafi kusa da dare da rana suke rarrabe, musamman a azumi. Akwai masallatai a Reykjavik, ana Juma'a, sai ka bi jadawalinsu. A Satumba da Maris dare da rana kusan daidai suke, babu wannan matsalar. 'Yan'uwa Kirista kuma, yawancin majami'un na Lutheran ne, akwai kuma babbar majami'ar Katolika a tsakiyar birnin.

Ruwan yana maganin sanyin ƙashi da ƙuraje?

Ɗumi yana sassauta jijiya da gaɓoɓi, ka fito jiki sakayau ka yi barci mai nauyi. Akwai asibitin fata a Blue Lagoon da ke kula da masu wata cutar fata mai sa ɓawo, kuma suna samun sauƙi. Sauƙi ne, ba warkewa ba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya da mai juna biyu su tambayi likita tukuna, kada a daɗe a ciki, a sha ruwa, a tashi a hankali don jiri.

Ana ɗauke musu wuta?

Da wuya ƙwarai. Kuma a nan ne abin mamakin ƙasar yake, ba a bakin dutse ba.

Kusan duk lantarkinsu daga ruwa da zafin ƙasa yake: wajen kashi 70 daga madatsun ruwa, kashi 30 daga tururi. Ana haƙa rijiya mai zurfi, tururi ya taso da ƙarfinsa ya juya inji. Tashar Hellisheidi da muka ziyarta tana ba da megawat 303, kusan rabin ƙarfin Shiroro. Amma babban aikin shi ne ɗumama gida. Gidaje tara cikin goma ruwan zafin ƙasa ne ke ɗumama su. Bututu ɗaya daga Nesjavellir yana tafiyar kilomita 27 zuwa birnin, zafin da ya rage a hanya bai kai digiri 2 ba. Ruwan ya zaga ɗakuna, ragowarsa a bi da shi ƙarƙashin titi da dandamali don narkar da ƙanƙara, kada tsoho ya zame.

Ba haka suka tashi suka gani ba. Kakanninsu talakawa ne ƙwarai, a ɗakunan ƙasa da ciyawa suke kwana, mata suna ɗaukar wanki a baya zuwa maɓuɓɓugar Laugardalur. Daga wannan wurin wankin aka fara jan bututu zuwa wata makarantar firamare a 1930. Hotunan Reykjavik na wancan zamani hayaƙin kwal ne ya rufe su. Da farashin mai ya yi tashin gwauron zabo a 1973, sai suka ƙudura raba kansu da shi wajen ɗumama gida, suka ci bashi, suka haƙa, gari bayan gari. Ruwan zafin yana nan tun zuwan mutanen farko wajen shekarar 874. Bututun ne sabo, da shawarar cewa ya shiga gidan kowa.

Yana da nasa rauni. A Fabrairun 2024 narkakken dutse ya cinye babban bututun Svartsengi, dubban gidaje suka kwana ba ɗumi cikin tsananin sanyi, ma'aikata suka yi aiki dare da rana suka haɗa wani cikin 'yan kwanaki. Fiye da rabin lantarkin kuma masana'antun narka alminiyom na 'yan kasuwar waje ne ke shanye shi, kuma har yau suna gardama a kan kwaruruka da aka nutsar don gina madatsu.

Tun 1979 suke horar da injiniyoyi daga ƙasashe masu tasowa a kan wannan fanni. 'Yan Kenya da yawa sun bi ta nan, yau kuma tashar Olkaria da ke kusa da Naivasha tana cikin abin da ya sa wajen kashi 40 na lantarkin Kenya daga zafin ƙasa yake. Duk wanda ya tashi a Kaduna ya ga masaƙun Kakuri a rufe, ya ga tela da mai walda suna zaune suna jiran wuta, ba zai tsaya a Hellisheidi zuciyarsa ba ta motsa ba. Ba mu da tururinsu. Muna da rana da ba su da ita.

Me ake ci, kuma da tsada?

Da tsada ƙwarai, kusan komai. Kati ake amfani da shi ko'ina, da wuya ka ga takardar kuɗinsu, krona. Mai son sauƙi ya shiga babban kanti ya dafa da kansa.

Kifi ne ya fi yawa kuma shi ya fi sauƙi ga Musulmi. Akwai naman rago mai daɗi da miyarsa, sai ka tambayi yanka, akwai kuma skyr, wani kindirmo mai kauri. A duba abin da aka haɗa tsiran nama da shi, don ana sa alade. A Laugarvatn ana binne tukunyar ƙullun burodi a cikin yashi mai zafi na bakin tafki, a tono ta bayan awa 24, ya fito baƙi-baƙi, da danshi da zaƙi. Tumatir da kokwamba kuma a rumfunan gilashi ake noma su duk shekara, ruwan zafi yana ɗumama su, fitila tana tsaya musu a madadin rana. Yaji dai ka tafi da naka.

Sanyin fa? Me zan saya kafin in tafi?

Bai kai yadda sunan ke tsoratarwa ba, don ruwan teku mai ɗumi yana ratsowa ta gefensu. A Reykjavik Janairu yana wajen digiri 0, Yuli wajen 11. Iska da ruwan sama ne abokan gaba, kuma yanayi yana juyawa sau da yawa a yini ɗaya. Ka shiga Kasuwar Barci ka nemi rigar ruwa mai hula, suwaita ta ulu, dogon wando na ciki, safar hannu da takalmi mai tauri wanda ruwa ba ya shiga. A sa su bisa juna, a rage in an ji zafi. Lema ba ta da amfani, iska za ta karya ta. Lambar gaggawa 112 ce. In ka je baƙin yashin Reynisfjara kada ka juya wa teku baya, igiyar ruwan wurin ta sha jan mutane.

Mu nan ba mu da irin wannan ko kaɗan?

Muna da shi daidai gwargwado. Tudun Biu a Jihar Borno tsohon wurin aman wuta ne, Tafkin Tila ma a bakin tsohon rami yake. Akwai irin waɗannan tsaunuka a wajen Panyam da Kerang a Filato. Duk sun daɗe da yin shiru. Mai rai mafi kusa da mu shi ne Dutsen Kamaru, wanda ya tashi a 1999 da 2000. A Kamarun ne kuma Tafkin Nyos ya saki iska mai shaƙewa a daren 21 ga Agustan 1986, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobinsu. Fargabar ɓallewar bakin wannan tafkin tana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a Taraba, don tare ruwan kafin ya sauko Kogin Katsina-Ala.

Ruwan ɗumi kuwa akwai Ruwan Zafi a Lamurde ta Adamawa, da Akiri a Nasarawa, da Ikogosi a Ekiti inda mai ɗumi da mai sanyi suke haɗuwa. Mafi sauƙi ga mutumin Kaduna shi ne Wikki a gandun dajin Yankari. Yana fitowa daga gindin wani jan dutse, garai-garai har kana ganin farin yashin ƙasa, ɗuminsa digiri 31 rani da damina, yaro ma yana shiga. Ka bi ta Saminaka da Jos zuwa Bauchi, ka ɗauki hanyar Gombe, ka karkata a Dindima. Ka tambayi lafiyar hanya kafin ka tashi, ka je da rani in kana son ganin giwa, ka kuma riƙe jakar abincinka da kyau don birran wurin ba sa jin kunya.